Kiran ikkilisiya: abin da na gani a Kasuwar Litinin ta Maiduguri

Aikina a wannan jarida shi ne tace labarai da ɗora musu kanu kafin su fita. Wanda ya daɗe a kan wannan tebur yakan gane ƙofofin da kowace kalma ke bi ta shigo labari. Kalmar "coci" takan shigo mana ne idan an kai hari an ƙona shi, ko idan shugabanninsa sun kai ziyarar ban girma fadar shugaban ƙasa an ɗauki hotuna, wani lokaci kuma idan rigimar kuɗi ta ɓarke tsakanin fasto da dattawa. Tun daga ƙarshen watan Oktoban 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, kalmar ta ƙara zama abin ja-in-ja tsakanin gwamnatoci biyu. A cikin duk wannan hayaniya da wuya a ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da ikkilisiya ta ɗauka a matsayin dalilin kasancewarta.

Tambayar ta shafi masu karanta wannan shafi fiye da yadda suke zato. Ku ne kuke rubuta wa minista jawabin Kirsimeti, ku ne kuke tsara wanda zai zauna a ina idan tawagar Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya ta zo, a hannunku ambulan yake bi idan maigida ya aika a wakilce shi wurin gidauniyar ginin majami'a. Wanda yake hulɗa da abu kullum bai san zuciyarsa ba, zai yi ta taka shi yana zaton shafa yake yi.

Gara in bayyana matsayina tun da wuri. Ni Kirista ne, a cikin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, aka yi mini baftisma. A Maiduguri aka haife ni, mahaifiyata kuma ta shafe shekaru tana sayar da wake da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa a Kasuwar Litinin. Abin da na sani game da kiran ikkilisiya na fi koyonsa a bakin rumfarta fiye da inda na koyi karatun boko.

Ita kanta kalmar ikkilisiya daga Helenanci ta fito, asalinta kuwa taron mutanen gari da aka kira su fito daga gidajensu don wata magana da ta shafi kowa. Babu gini a cikin ma'anarta, babu hasumiya, babu asusun banki. Jama'a ce da aka kira, kiran kuma shi ne a bi tafarkin Yesu Almasihu a cikin duniyar da ake saye da sayarwa da gaba da ramuwa. Tarihin EYN ya yi daidai da wannan ma'ana. Ranar 17 ga Maris 1923, a Garkida, wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko tare da mutanen garin a gindin wata tsamiya. Ɗarikar da ta aiko su ta samo asali ne a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a 1708, inda mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a rafin Eder, tana kuma cikin ɗariku kaɗan da suka yi fice da ƙin ɗaukar makami. Abin da suka fara ginawa a ƙasar Bura da Marghi shi ne makaranta da asibiti da mazaunin kutare. Har cutar zazzaɓin Lassa da duniya ta sani yau, daga asibitin mishan na garin Lassa ta samo sunanta, bayan ta kashe wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine a 1969.

Akwai wata al'ada da muka gada daga gare su wadda baƙo kan yi mamakinta. Kafin jibin Ubangiji akan kawo kwanoni da ruwa da tawul, maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa a daren da aka bashe shi. Na ga babban sakatare mai ritaya yana wanke ƙafar mai gadi. Ina yaro abin dariya yake ba ni, don ƙafar manomi a watan Maris ba abin sha'awa ba ce. Sai da na girma na fahimci cewa duk koyarwar ɗarikar tana cikin wannan kwano: babba shi ne mai durƙusawa, hannun da ya riƙe tawul kuma ba ya riƙe adda.

Faɗar wannan a lokacin zaman lafiya ba ta da wuya. Maiduguri ce ta gwada shi.

Ranar 18 ga Fabrairun 2006, zanga-zangar da aka kira saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Denmark ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona majami'u da dama, aka kashe mutane, ciki har da Fada Michael Gajere na ɗarikar Katolika. A ƙarshen Yulin 2009, a cikin kwanakin da mabiya Muhammad Yusuf suka gwabza da jami'an tsaro, aka rushe babban cocin EYN na Wulari. Lokacin ban cika shekara ashirin ba, jinina kuma yana tafasa.

Bayan ƙura ta lafa kasuwa ta sake buɗewa. Akwai wata mata da ta saba sayen wake a wurin mahaifiyata, wadda kowa a layin ya san mijinta yana cikin waɗanda suka bi Yusufiyya, bai kuma dawo gida ba bayan faɗan. Ta zo da goyo a baya, babu kuɗi a hannu. 'Yan layin, Musulmi da Kirista, duk suka kau da kai, don a lokacin ko gaisawa da irinsu na iya jawo wa mutum sojoji. Mahaifiyata ta auna mata mudu biyu, ta buɗe littafin bashi ta sa na rubuta. Da hannuna na rubuta, raina a ɓace. Da matar ta tafi na ce, "Mama, mijin wannan fa yana cikin waɗanda suka ƙona mana coci." Ba ta ko ɗago kai daga tsintar waken da take yi ba. Ta ce, "Idan na hana 'ya'yanta wake, cocin zai miƙe? Rufe littafin ka miƙo mini tsintsiya."

Ba zan yi wa labarin ado ba. Matar ta zo sau uku ko huɗu, ta biya kaɗan, daga baya muka daina ganinta. Bashin bai dawo ba, ba ta tuba a gabanmu ba, babu wanda ya yi kuka ya rungumi wani. Mahaifiyata ma ba ta sa ran ko ɗaya daga ciki ba. A wurinta, macen da za ta durƙusa ranar Lahadi ta wanke ƙafar 'yar'uwarta ba ta da bakin hana mayunwaci abinci ranar Litinin. Wannan shi ne abin da nake nufi da zuciyar ikkilisiya: imani cewa Allah ya gafarta wa mutum tun bai cancanta ba, saboda haka shi ma ba shi da izinin riƙe wani, ko da wanin bai nemi gafara ba.

Shekarun da suka biyo baya sun fi muni, kasuwar kuma ta sha nata kason. Ranar 1 ga Yulin 2014 wata mota da aka ɓoye bam a cikin lodin gawayinta ta tashi a bakin kasuwar. Ranar 25 ga Nuwamba na shekarar, mata biyu suka tayar da bama-bamai ɗaya bayan ɗaya, na biyun bayan jama'a sun taru don ceton waɗanda na farko ya jikkata, gomman mutane suka mutu. Ranar 10 ga Janairun 2015 aka ɗaura wa wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba. Bam a kasuwa ba ya tambayar sunan kowa. Mai turaren wuta Kanuri, mai kifi daga Baga, mai kayan gyaran mota Ibo, mai wake Bura, duk a baro ɗaya ake kwasarsu. Duk wanda zai ba da labarin Borno da gaskiya dole ya faɗi cewa an kashe Kiristoci saboda Kiristancinsu, irin su Rabaran Faye Pama Musa, sakataren CAN na jihar, da aka harbe a Maiduguri a watan Mayun 2013. Dole kuma ya faɗi cewa an kashe Malam Ibrahim Birkuti a Biu a 2011, an kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a watan Mayun 2014, an kai wa Shehun Borno kansa harin ƙunar baƙin wake bayan sallar Juma'a a 2012. Mai ɓoye rabin farko da mai ɓoye rabi na biyu duk ƙarya ɗaya suke yi, na kuma gyara rubutun kowannensu a kan teburina.

EYN ta biya farashin da ba a cika sani ba a Abuja. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoban shekarar mayaƙa suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. A 2020 shugabanta na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya ce an kashe mata mabiya fiye da 8,000, an raba fiye da 700,000 da gidajensu. Jama'ar da aka yi wa haka tana da matasa, tana da maharba, tana da tsofaffin sojoji. Duk da haka ɗarikar ba ta kafa rundunar ramuwa ba, ba ta kuma ba da mumbarinta a yi kiran gayya ba. Abin da ta ƙarfafa shi ne wani shiri na sasanta Kirista da Musulmi mai suna CAMPI, wanda ita da shi suka karɓi lambar yabo ta zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus a 2016. Wani ma'aikacinta, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, nan kusa da mu, inda 'yan gudun hijira na addinan biyu suke zaune wuri ɗaya. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika ya buɗe harabar babban cocin Saint Theresa ga dubban masu gudu a 2014, daga baya ya gina musu gidaje, ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci, ya kuma sha suka daga wasu mabiyansa a kan haka.

Kada a ɗauka ina cewa Kiristocin Arewa maso Gabas mala'iku ne. Na san fushin da ke cikinmu, don na ɗauke shi a ƙirjina shekaru. A Michika, bayan mutane sun koma gida a 2015, rashin yarda ya kai ga kasuwar mako ta rabu biyu, Kirista suna ci ranar Asabar, Musulmi ranar Lahadi. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga girman abin da bai faru a Kasuwar Litinin ba. Da 'yan kasuwar Maiduguri sun raba layuka, da littafin bashi ya fara tambayar addini, da masu ɗaura wa yara bam sun sami abin da suke nema ba tare da sun ci garin ba. A garin Michika ɗin ne kuma aka sami Rabaran Lawan Andimi, faston EYN da aka sace a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar ya nemi a taimaka a sake shi, amma ya yi magana a natse, bai zagi kowa ba, ya nuna ya miƙa al'amarinsa ga Allah ko ya dawo ko bai dawo ba. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi.

Yanzu bari in juyo gida, ga 'yan'uwana masu bi da ke wannan birni, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na zauna a wata majami'a a nan Abuja ranar bikin godiya, na ga an tsayar da sujada ana jiran hadimin wani babban mutum. Da ya iso aka tashi wasu tsofaffi daga sahun gaba aka ba shi wuri, aka miƙa masa lasifika, ya sanar da adadin da maigidansa ya aiko, aka yi tafi har ƙasa na girgiza. Bai wuce minti ashirin ba ya fita zuwa wani wurin. A ƙofar majami'ar kuwa akwai mata 'yan Gwoza, irin waɗanda suka shekara goma a sansanonin Durumi da Kuchingoro, suna jiran a tashi su roƙi na abinci. Ban ga an kawo kwano da tawul ba a ranar. Ikkilisiyar da ta koyi auna kanta da girman gini da yawan motocin da ke harabarta da kusancinta da fadar mulki ta karɓi ma'aunin da ba nata ba. Irin wannan ikkilisiya ba ta iya ce wa mai mulki ya yi kuskure, don bakin da ya ci shi ke jin kunya. Tana kuma saurin mayar da jinin mutanen Chibok da Michika jarin neman kujera, alhali su waɗanda aka zubar da jinin nasu ba su roƙi a rama musu ba.

Wani zai ce wannan koyarwa ta haƙuri ita ce ta sa ake raina Kiristan Arewa, wanda ya ƙi ramawa ya gayyaci mari na biyu. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba, domin waɗanda suka fi faɗarta mutane ne da suka binne 'ya'yansu. Amsata ita ce an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Mai bi yana iya yafe wa wanda ya cuce shi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma ba shi da ikon yafe wa hukuma aikinta. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaron jama'a da jin daɗinsu a wuyan gwamnati a matsayin babban dalilin kafa ta. Mahaifiyata tana da 'yancin auna wa matar ɗan Yusufiyya wake. Ɗan sanda ba shi da 'yancin barin mai kisa ya wuce, alƙali ba shi da 'yancin ajiye shari'a a aljihun tebur shekara da shekaru. Ikkilisiyar da ta ajiye adda ita ce ma ta fi kowa haƙƙin ɗaga murya, tun da ta bar wa hukuma takobin gaba ɗaya.

Nan ne maganar ta dawo kanku, ma'aikata da hadimai. Haƙurin mutanen nan ba takardar sallama ba ce da za ku sa a fayil ku rufe. Gaskiya ne gwamnatin Kashim Shettima ta ba da kuɗi an sake gina majami'un da aka ƙona a kudancin Borno, ya kuma kamata a yaba. Gaskiya ne kuma a watan Agustan 2021 an rushe wani cocin EYN a unguwar Maduganari cikin Maiduguri, wani matashi ya rasa ransa a hargitsin da ya biyo baya, kuma ƙorafin Kiristocin jihar kan wahalar samun takardar mallakar filin majami'a tsoho ne. Har yanzu akwai 'yan Gwoza a sansanin Minawao na Kamaru, har yanzu akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo ba. Idan tawagar malaman coci ta zo ofishinku, abin da ya fi ambulan da kujerar zuwa Urushalima amfani shi ne a buɗe waɗannan fayiloli a gabansu. Malamin da ya zo da su a hannu shi ya cancanci a ba shi lokaci, ko da maganarsa ba ta yi wa maigida daɗi ba. Wanda ya zo neman hoto kawai, ku ba shi hoton ya tafi, amma kada ku rubuta a rahoto cewa an gana da Kiristoci.

Kasuwar ba ta gama shan wahala ba. A daren Asabar wayewar Lahadi, 26 ga Fabrairun 2023, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye ta kusan ƙurmus. Gwamna Babagana Zulum ya yi alƙawarin tallafin naira biliyan ɗaya, gwamnatin jiha ta sake gina ta. Ba a daɗe da komawa ba, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar da fadar Shehu da asibitin koyarwa, kamar yadda ya yi a 1994. Madatsar tana ƙarƙashin hukumar raya yankin Tafkin Chadi, wato ta tarayya ce, kula da ita kuma aiki ne na mutane masu albashi irin naku.

A gobarar 2023 rumfarmu ta ƙone har da littafin bashi. Lokacin mahaifiyata ta riga ta bar wa ƙanwata ragamar rumfar saboda ciwon gwiwa. Matan zumunta na cocinmu suka haɗa mata abin da ya sawwaƙa daga baikonsu, Hajiya mai turaren wuta da suka yi maƙwabtaka shekaru ta ranta mata kuɗin buhu biyu na wake, ko da yake ita ma ba ta tsira da komai ba sai abin da ke gida. Daga cikin masu bashi wasu sun zo da kansu sun faɗi abin da ake bin su sun biya, wasu sun ga littafi ya ƙone sun yi shiru. Ƙanwata ta sayi sabon littafi, mai bango ja. Da na je gida Kirsimetin bara na buɗe shi, na tarar ta cika shafi goma sha ɗaya. Na ce mata ta rage ba da bashi, kasuwa ba kamar da ba ce. Mama tana kan tabarma tana jin mu. Ta ce in kawo mata littafin, ta sa ƙanwata ta karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta nuna uku ta ce waɗannan zawarawa ne, kada a aika musu kowa.